Hujjatul Islam Imam Gazali: Malamin da Ya Yi Jinyar Kansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid, laƙabin da duniyar Musulmi ta san shi da shi kuwa Hujjatul Islam. An haife shi a shekara ta 450 bayan hijira, daidai da 1058 miladiyya, a garin Ɗus na ƙasar Khurasan, kusa da birnin Mashhad na Iran ta yau. Mahaifinsa talaka ne mai kaɗin ulu yana sayarwa, ba ya cin komai sai abin da hannunsa ya samo. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma mai son malamai ne, yana zama majalisinsu yana yi masu hidima, yana roƙon Allah ya ba shi ɗa malami. Allah ya ba shi biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, sai dai bai rayu ya ga abin da suka zama ba.

Da ajali ya matso, sai ya damƙa yaran ga wani abokinsa sufi tare da ɗan abin da ya tara, ya roƙe shi ya koya masu karatu da rubutu ko da kuɗin za su ƙare ƙaf. Kuɗin kuwa suka ƙare. Sufin nan shi ma faƙiri ne, sai ya shawarci yaran su shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai. Yunwa ce ta fara kai Gazali gaban malamai, kuma bai ɓoye wannan ba da ya girma. Yakan ambata cewa sun nemi ilimi don wanin Allah, ilimin ya ƙi yarda ya zama na kowa sai na Allah.

Ya fara fiƙihu a Ɗus wajen Malam Ahmad Razakani, daga nan ya yi tafiya zuwa Jurjan. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a hanyar komawa gida ƴan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe komai, har da jakar da ya zuba takardun da ya rubuta a gaban malaminsa. Ya bi su yana magiya a mayar masa da jakar kawai, don cikinta ne duk abin da ya bar gida dominsa yake. Shugaban ɓarayin ya yi masa dariya, ya tambaye shi wane irin ilimi ne wannan da za a ƙwace jaka mai shi ya koma jahili. Ya jefa masa takardun. Gazali ya ɗauki maganar a matsayin wa'azin da Allah ya aiko masa ta bakin ɗan fashi. Da ya isa Ɗus ya zauna shekara 3 yana haddace abin da ya rubuta, har ya tabbata ko an sake tare shi babu abin da za a raba shi da shi. Duk almajirin da ya taɓa wanke allonsa kafin karatun ya zauna masa ya san ciwon da yaron nan ya ji.

Daga baya ya tafi Naisabur wajen Imamul Haramaini Juwaini, babban malamin Shafi'iyya na zamanin, ya sha fiƙihu da usulu da ilimin kalam da manɗiƙi har ya zarce tsaransa. A wannan lokaci ne kuma ya zauna gaban Shehu Abu Ali Farmadi, ya ɗanɗani hanyar sufaye, ko da yake karatu da muhawara ne suka fi jan hankalinsa a shekarun ƙuruciya. Juwaini ya rasu a 478. Gazali ya nufi fadar waziri Nizamul Mulki, wazirin sarakunan Saljuƙawa, inda malamai ke taruwa ana gwada ƙwanji. Babu wanda ya iya kayar da shi. A shekara ta 484 waziri ya naɗa shi malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, kujerar da ta fi kowace kujerar ilimi daraja a lokacin, yana ɗan shekara 34.

Yadda ya sarrafa lokacinsa a Bagadaza abin lura ne. Ɗalibai 300 ke zama gabansa, ga fatawa, ga rubuce-rubuce, ga kiran fada. A cikin wannan cunkoso ya ƙudurta sanin falsafa, don a ganinsa wanda ya yi raddi ga wani fanni kafin ya kai ƙarshensa jifa yake yi cikin duhu. Bai nemi malami ba, bai kuma ajiye aikinsa ba. Ɗan lokacin da yake tsinta tsakanin darasi da darasi shi ya riƙa tarawa, cikin ƙasa da shekara 2 ya gama karanta littattafansu, ya ƙara kusan shekara guda yana jujjuya abin a ransa. Daga nan Maƙasidul Falasifa da Tahafutul Falasifa suka fito. Mai cewa kasuwa ko gona ta hana shi buɗe littafi sai ya dubi wannan.

Amma akwai abin da ke cinsa a ciki. Ya karanta littattafan sufaye, irin su Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Makki da rubuce-rubucen Harisu Muhasibi da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazid Bisɗami, ya gane cewa abin da ya rage masa ba a samunsa da karatu. Ya yi wa kansa misali da likitan da ya san ma'anar lafiya da sabubbanta da magungunanta alhali shi kansa kwance yake ba lafiya. Ya binciki niyyarsa cikin koyarwa, aikin da yake ganin shi ne mafi kyawun ayyukansa, ya tarar son girma da yaɗuwar suna ne ke tura shi. A gabansa kuma ya ga yadda duniya ke yi da masu ita: an kashe Nizamul Mulki a Ramadan na 485, Sarki Malikshah ya bi shi bayan ƴan makonni.

Daga watan Rajab na 488 ya shiga kai-kawo na kusan wata 6. Da safe ya yanke shawarar barin Bagadaza, kafin yamma son duniya ya warware ta. Daga ƙarshe al'amarin ya fita daga hannunsa. Allah ya ɗaure harshensa. Yakan yi ƙoƙari ya fito don ya faranta ran ɗalibai, ya zauna, kalma ɗaya ta gagara fita. Baƙin cikin haka ya sauka cikinsa, ko romo ba ya wuce masa, loma ɗaya ba ta narkewa, ƙarfinsa ya ƙare. Likitoci suka duba suka janye hannu, suka ce ciwon daga zuciya ya taso ya bazu cikin jiki, kuma babu magani sai in damuwar da ke ciki ta tafi. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal, bai rufa wa kansa asiri ba ko kaɗan.

Da dabara ta ƙare masa ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da sauran mafita, Allah kuwa ya sauƙaƙe masa rabuwa da girma da dukiya. Ya nuna wa mutane Makka za shi, a ransa kuwa Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su tsare shi. Ya rabar da abin da ya mallaka, ya bar abin da zai ishi iyalinsa, ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa makaranta. A watan Zulƙida ya fita. Surutu ya tashi. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne ya kore shi, na kusa da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe shi suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci da malamansa.

Ya zauna Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallaci ya kulle ƙofa ya wuni cikin zikiri. Ya wuce Baitul Maƙdis ya yi irin haka a Ƙubbatus Sakhra. A garin Halil, gaban kabarin Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga muhawara ba. Ya yi aikin hajji a 489, ya ziyarci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Kewar ƴaƴa da kiraye-kirayensu suka jawo shi gida. Da ya biyo ta Bagadaza a 490, wani saurayi Bamalike daga Andalus, Abubakar ɗan Arabi, wanda daga baya ya rubuta Ahkamul Ƙur'an, ya same shi ya yi karatu a wajensa. Kimanin shekara 11 ya yi cikin wannan keɓewa, kuma cikinta ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, littattafai 40 a kashi 4.

Wanda ya san ciwon da ya kwantar da shi a Bagadaza zai karanta Ihya'u da wani ido daban. Mutumin da damuwar zuciya ta hana cikinsa narkar da loma ba ya bukatar a gaya masa cewa zuciya da jiki igiya ɗaya ta ɗaure su. Yakan kwatanta jiki da abin hawan matafiyi. Wanda ya bar raƙuminsa da yunwa ba zai isa Makka ba, wanda kuma ya tsaya yana yi masa kiwo da ado har ayari ya wuce, shi ma hamada za ta cinye shi. Saboda haka ya sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, har ya yi ƙorafin yadda za ka ga gari cike da masu jayayya kan rassan fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya.

Ya keɓe littafi guda kan ladubban cin abinci, wani kuma kan karya sha'awar ciki da ta farji. Abin da ya fara sharɗantawa shi ne halal, don a wajensa ibada a kan cin haram gini ne a kan ruwa. Bayan haka mutum ya wanke hannu, ya yi niyyar samun ƙarfin ibada, kada ya miƙa hannu sai yana jin yunwa, ya janye shi tun da sauran sha'awa. Ya ƙanƙanta loma, ya tauna da kyau, kada ya ɗauki wata kafin ya haɗiye ta farko, kada ya yawaita shan ruwa a tsakiyar ci. Ya kawo alamar yunwar gaskiya mai sauƙin ganewa: ran mutum ya karɓi gurasa gaya ba tare da neman mahaɗi ba. In har rai na zaɓe yana tambayar miya, to kwaɗayi ne ke magana. Ya kuma ruwaito shawarar wani likita na zamanin Hajjaju cewa wanda ya ci da rana ya ɗan kishingiɗa, wanda ya ci da dare kuwa ya taka kafin ya kwanta, ko da taku 100 ne.

Fa'idojin rage ci da ya lissafa guda 10 ne, daga cikinsu akwai kaifin basira, da taushin zuciya wajen zikiri, da sauƙin tsayuwar dare, da tuna masu yunwa, da lafiyar jiki, da samun rarar da za a yi sadaka da ita. Ya bayyana yadda abin ke bin juna: mai yawan ci zai yawaita sha, mai yawan sha zai yawaita barci, mai yawan barci kuwa rayuwarsa ce ke zubewa. Duk wanda ya taɓa cika ciki da tuwo ya zo zaman wuridi yana gyangyaɗi ba ya bukatar a kawo masa wani dalili.

Wurin da hikimarsa ta fi fitowa shi ne yadda ake ragewa. Ya hana a yi shi dare ɗaya, don wanda ya saba da yawan ci ya yanke farat ɗaya jikinsa ba zai ɗauka ba, zai raunana ya koma inda ya fito. Ya ba da lissafi: mai cin gurasa 2 da ke son komawa 1, ya riƙa rage kashi ɗaya cikin 28 ko cikin 30 na gurasa kowace rana. Cikin wata guda zai kai inda yake so ba tare da ya cutu ba, ba kuma tare da kowa ya gane ba. Mai cin malmala biyu zai iya auna nasa da wannan ma'auni, gutsure kaɗan yau, gutsure kaɗan gobe. Ya ambaci matakai na yawan abinci, daga abin da zai riƙe rai kawai, zuwa rabin mudu, zuwa mudu guda a yini, amma ya faɗa a fili cewa wannan yana sauyawa gwargwadon shekaru da jiki da aikin da mutum ke yi. Manomi a tsakiyar damina da mai halwa a ɗaka ba ma'auninsu ɗaya ba. Ko nama ma ya kawo maganar magabata cewa barinsa kwana 40 yana ɓata hali, dawwama a kansa kwana 40 kuma yana ƙeƙasar da zuciya.

Wasu sun ɗauki babin yunwa na Ihya'u suka wahalar da kansu da shi, don sun karanta farkonsa ba su kai ƙarshensa ba. A ƙarshen ya bayyana cewa abin nema shi ne tsaka-tsaki, mutum ya ci gwargwadon da ba zai ji nauyin ciki ba, ba kuma zai ji zafin yunwa ba, har ya manta da cikinsa gaba ɗaya, don ƙoshi da yunwa duka suna shagaltar da zuciya. Tsanantawar da shehunnai ke sa muridi magani ne na ɗan lokaci, kamar yadda ake horar da doki mai tutsu har ya miƙe, sa'an nan a sassauta masa. Ya kuma tona cututtuka biyu da ke bin mai rage ci: ya ƙi abinci gaban jama'a ya ci a ɓoye, ko kuwa ya iya barin abincin amma ya riƙa jin daɗin a ce da shi mai gudun duniya. Na biyun ya kwatanta shi da wanda ya gudu daga kunama ya faɗa wa maciji. Mutumin da son suna ya taɓa kwantarwa ne ke wannan gargaɗi.

Game da sauya hali, ya yi raddi ga masu cewa hali zanen dutse ne. Hujjarsa ita ce ana horar da shaho ya saba da mutum, ana horar da karen farauta ya kama ya ƙi ci, ana horar da doki ya bi linzami, to ina ga ɗan Adam mai hankali. Hanyar kuwa maimaitawa ce. Mai son kyawun rubutu sai ya tilasta wa hannunsa kwaikwayon rubutu mai kyau kwana da kwanaki, har abin da ya fara da wahala ya zama ɗabi'a. Haka mai rowa zai riƙa bayarwa yana jin zafi har ranar da bayarwar za ta yi masa daɗi. Ya ce ɗalibi ba ya zama malami da bitar dare ɗaya, ba ya kuma rasa malanta da hutun dare ɗaya, sai dai hutun yau shi ke kiran na gobe har rai ya saba da kasala. Don mutum ya san aibinsa ya nuna ƙofofi 4: shehu masanin cututtukan rai, da aboki mai gaskiya, da bakin maƙiya, da kallon abin da mutum ke ƙi a jikin wasu ya nemo shi a nasa.

Bai manta da motsa jiki ba, musamman a tarbiyyar yara. Ya ce a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini don kada kasala ta rinjaye shi, kuma in ya taso daga makaranta a bar shi ya yi wasa mai kyau ya huta, don hana yaro wasa da matsa masa karatu kullum yana kashe zuciyarsa ya dusashe basirarsa har ya riƙa neman hanyar gudu. Malaman allo da iyaye suna da rabo cikin wannan magana. A Bidayatul Hidaya kuma ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya, ya ce barci kada ya wuce awa 8 cikin 24, ya yi masa lissafi cewa wanda ya rayu shekara 60 a haka ya riga ya ba barci shekara 20.

Littafin bai tsira daga suka ba. A shekara ta 503 aka ƙone Ihya'u a Ƙurɗuba, zamanin sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin, tun mai shi yana da rai. Malaman hadisi kuma sun nuna akwai hadisai masu rauni a ciki, abin da ya sa Hafiz Iraƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu. Daga baya Murtada Zabidi ya yi masa sharhi mai faɗi mai suna Ithafus Sadatil Muttaƙin. Wannan Zabidi shi ne wanda Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin ƙasar Adar da Agadas kuma shehin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya sadu da shi a Misra ya karɓi ijaza a hannunsa.

A watan Zulƙida na 499 waziri Fakhrul Mulki, ɗan Nizamul Mulki, ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya shawarci ma'abota zukata, suka ƙarfafa masa, ya koma. Ya bayyana cewa a da yana yaɗa ilimin da ake neman girma da shi, yanzu kuwa yana kira zuwa ilimin da ake barin girma da shi. Wani da ya san shi tun yana matashi mai ji da kai, Abdul Gafir Farisi, ya ziyarce shi sau da yawa yana zaton ko sauyin na ganin ido ne, daga ƙarshe ya shaida cewa mutumin ya warke da gaske.

Bai daɗe ba ya koma Ɗus. Ya gina makaranta ta ɗalibai da zawiya ta sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin saukar Alƙur'ani da koyarwa da zama da muridai da azumi da salla. An sake kiransa kujerar Bagadaza, ya ba da uzuri, ya tuna masu alkawarin da ya ɗauka a Halil. A shekarunsa na ƙarshe, shi da ake kira Hujjatul Islam, ya koma ɗalibi, ya zauna gaban malaman hadisi yana sauraron Bukhari da Muslim, don ya san a nan ne guzurinsa ya yi ƙaranci.

Ƙanensa Ahmadu ya ba da labarin cewa ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani na shekara ta 505, daidai da Disamba 1111, Abu Hamid ya yi alwala ya sallaci asuba, ya ce a kawo masa likkafaninsa. Ya karɓa ya sumbace shi, ya ɗora a idanunsa, ya furta cewa ya ji kira ya kuma amsa, sa'an nan ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla. Kafin gari ya gama wayewa ya cika, yana da shekara 55. Ƴaƴa mata ya bari. An rufe shi a Ɗabaran, cikin Ɗus inda aka haife shi. Allah ya ƙara masa yarda, amin.